Ƙwaya Ɗaya Bayan Asuba

Mu shida muke kwana a ɗakin nan na Agege,
bayan layin dogo, inda jirgi ke girgiza kwanon rufi
kamar mai tashin unguwa sahur.
Kowa ya san jakar kowa.
Tasi'u ya san kuɗin da ke cikin safata,
Lawwali ya san ranar da sabuluna zai ƙare.
Abu ɗaya ne ba su sani ba.

Ranar Talata na hau danfo zuwa Yaba,
na ce musu zare zan sayo.
Matar asibitin, Bayarbiya mai tabarau a kan karan hanci,
ba ta tambaye ni sunan ubana ba.
Ta ɗebi jini a yatsa, muka jira,
ina ƙirga tayil ɗin ƙasa, tana ɓare gyaɗa.
Ta ce, babu komai. Kana so ya zauna a haka?
Ta tura mini kwalba.
Ɗaya kullum, in ji ta, bayan wata uku ka dawo gwaji,
kuma kada ka ce ka yi sallama da kororon roba.
Na ce zan yi tunani.

Na yi tunanin daga Yaba har Oshodi,
gwiwata a matse da buhun wata mai kifi.
In aka gan ni da ita, wa zai ce rigakafi ne?
Za su ce ya kamu.
Za su ware mini kofi, su daina aron rezata,
labari ya riga ni isa Funtua.

A shago keken Mudassir yana nan lulluɓe da zane.
Shi ya koya mini aikin wuyan kaftani,
shi ya fara ce mini kada in ji tsoron kaina.
Bara ya rame har agogo ya riƙa zame masa zuwa gwiwar hannu.
Aka sa shi a motar shanu da ta sauke kaya, aka kai shi gida.
Jifa ne, in ji mutane.
Na san abin da ba jifa ba ne. Na yi shiru.

Da dare na sami Sagir a Mil Tuwal,
yana warin albasa har cikin gashi,
warin da na fi so a duk Ikko.
Na faɗa masa. Ya kalli bayansa kafin ya kalle ni.
Ya ce, Allah ne mai tsarewa.
Na ce, shi ne kuma ya ce tashi in taimake ka.
Ya ce, bayan Babbar Salla za a ɗaura mini aure, ka sani.
Na ce, na sani. Ramlatu ba ta taɓa ganin Legas ba,
amma Legas tana iya bin ka har ɗakinta.
Bai amsa ba. Ya ci gaba da ware ruɓaɓɓu daga masu kyau.

Alhamis na koma Yaba. Wannan karon na sayo zaren ma.
Na juye kwalbar a tsohon gwangwanin man zafi.
Kwana tara Tasi'u ya tsince shi, ya kaɗa a kunnensa:
Kai ma ka fara ƙwaya, Nafi'u?
Na yi dariya. Na bar shi a haka.
A ɗakin nan, ɗan ƙwaya suna ne mai araha.

Yanzu in an sallame asuba,
kafin masu shayi su hura wuta,
nakan fasa ledar ruwa da haƙori
in haɗiye guda, in ji ta tana sauka.
Ba ta da daɗi, ba ta da ɗaci.
Jirgi ya wuce, kwano ya yi rawarsa ya gama.

Yau wayata ta yi haske a ƙarƙashin filo.
Sagir ne. Babu gaisuwa.
Wace mota ake hawa zuwa Yaba?